Sharhi: Zaman Haya A Kakuri Bayan Rufe Masaƙu

Duk wanda ya san Kaduna a shekarun 1970 da 1980 ya san Kakuri a matsayin cibiyar masana'antun Arewa. A nan ne gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello, ta haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na Ingila aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957. Masaƙar United Nigerian Textiles ta biyo baya a 1964, ga kuma Arewa Textiles da Nortex. Dubban ma'aikata suka yi ta kwararowa daga ko'ina cikin ƙasar nan, aka yi ta gina musu gidajen haya a Kakuri da Makera da Nasarawa: ɗakuna a jere suna duban juna, makewayi ɗaya, madafa ɗaya.

An gina waɗannan gidaje ne bisa dogaro da albashin wata. Amma fasa-ƙwaurin atamfa, da ƙarancin wutar lantarki, da tsadar man injuna suka taru suka durƙusar da masaƙun. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta dakatar da aiki a 2007, kafin a sake buɗe ta a 2010 da tallafin gwamnatin tarayya. Tsofaffin ma'aikatan Kaduna Textiles sun shafe shekaru suna neman haƙƙinsu na sallama, wasu har suka riga mu gidan gaskiya ba su karɓa ba.

Gidajen suna nan, amma masu zama cikinsu sun sauya. Yau ɗan haya shi ne mai tuƙa keke-napep, da ƙaramin ɗan kasuwa, da lebura, da matashin da ya baro ƙauye neman na kansa. Samun waɗannan na kullum ne, alhali mai gida kuɗin shekara yake nema gaba ɗaya. Shi ma mai gidan sau da yawa tsohon ma'aikaci ne ko magajinsa, wanda kuɗin hayar ne abincinsa. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, siminti da kwanon rufi sun yi tashin gwauron zabi, don haka abin da ya karɓa ba ya isar sa gyara. Sai rufi ya yi ta yoyo, ɗan haya ya ƙi biya saboda ba a gyara ba, mai gida ya ƙi gyarawa saboda ba a biya ba.

Saboda haka muna jan hankalin 'yan'uwanmu na karkara masu niyyar kama ɗaki a birni da kada su miƙa kuɗi ga dillali sai sun ga mai gida da idonsu. A rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa, a fayyace wanda zai ɗauki nauyin gyara da kuɗin wuta da na ruwa, kuma a karɓi rasit. A sani cewa mai gida ba shi da hurumin watso kayan ɗan haya waje ko cire ƙofar ɗakinsa. Sai ya ba da wa'adi, in ta ƙi sulhu a garzaya kotu.

Su kuma jami'an ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun, aikin da ke gabansu shi ne yashe magudanan ruwa kafin damina, da duba makewayin gidajen da suka cika maƙil da jama'a, da ƙarfafa wa magada gwiwa su yi rajistar gidajensu a hukumar KADGIS da aka kafa a 2015. Gidan da ba shi da takarda yakan zama abin rigima tsakanin magada, kuma babu wanda zai zuba kuɗi a gyara shi.

Farfaɗo da masaƙu ya rataya ne a kan wutar lantarki, da tsaron iyakoki, da audugar manomanmu, kuma ba aikin rana ɗaya ba ne. Amma kare mutuncin iyalan da ke kwana a waɗannan ɗakuna abu ne da za a iya somawa tun yanzu. Allah Ya sa mu dace.