Ruwan da ke tsalle daga ƙasa, da zancen zuwa Tafadek

 

Tun da aka fara shirin rabon asusu, ƙungiyoyi da dama nan Filinge da ƙauyukan Kurfai sun ɗauko zancen ziyara Tafadek. Abin da ya ƙara rura wutar shi ne bidiyon nan da ke yawo a WhatsApp, inda ruwa ke tsartuwa daga ƙasa ya yi sama, ya wuce tsawon giginya. Wasu na cewa can ne. A'a, ba can ba ne. Bari mu rarrabe tun ba mu kwance bakin zane ba.

Irin wannan ruwa Turawa na ce mashi gaiza. Ruwan sama ne ke nitsewa cikin ƙasa har ya iske duwatsu masu zafi, ya tafasa cikin matsattsen rami. Ku duba tukunyar da anka rufe ruf bisa wuta: in tururi ya rasa hanya, marfi yake turewa. To haka nan ne, ba aikin iskoki ba ne.

Akwai kuma wanda hannun mutum ya buɗe. A Amurka, cikin jihar Aidaho, akwai wani ƙaramin gari, Soda Springs, mutanensa wajen 3,000. A 1937 suna haƙa don su samu ruwan zafi na wurin wanka, sai sunka huda wani wuri mai cike da iskar gas, irin wadda ke sa lemun kwalba kumfa. Ruwa ya ɓalle ya malale gari. Daga baya anka toshe bakin, anka sa na'ura mai buɗe shi kowace awa. Yanzu baƙi na zuwa musamman su tsaya su ga ya tashi, wani lokaci har mita 30.

Tafadek ba haka yake ba. Maɓuɓɓuga ce ta ruwan zafi cikin duwatsun Abzin, kamar kilomita 80 arewa da Agadas. Ruwan na fitowa a hankali, ba ya tsalle. Tun kaka da kakanni mutane ke zuwa su yi kwanaki suna wanka, yawanci masu ciwon gaɓɓai da na fata. Wadda ta je neman kallo irin na bidiyo za ta dawo da haushi. Wadda ta je ta gasa gwiwa da ƙugu, ta huta da daka da ɗaukar ruwa, ita kam za ta ji daɗi.

Sai dai mu gaya wa juna gaskiya. Ruwan zafi na sassauta jiki, yana rage tsami, amma ba ya raba mutum da hawan jini ko ciwon sukari. Kar wata ta aje maganinta don ta yi wanka can. Mai ciki, mai ciwon zuciya, mai hawan jini, su fara ganin likita. Mai ciwon sukari da ƙafarta ta daina jin zafi tana iya ƙonewa ba ta sani ba. Mai ɗanyen gyambo kar ta shiga. A taɓa ruwan da hannu tukuna, kar a daɗe ciki, a sha ruwa da yawa, kuma kar a bar tsohuwa ita kaɗai.

Sai hanya. Tafiya ce mai nisa: mu bi ta Tawa, daga Tawa zuwa Agadas kusan kilomita 400, sannan a nemi motar shiga dutse. Kun san halin da hanyoyinmu ke ciki. A tambayi hukuma da direbobin tasha kafin a sa rana, ba a tafiyar dare, kowace ta riƙe katin shaidarta. Lokacin ɗari ya fi, tsakanin Disamba da Fabrairu.

Ga inda nake so mu tsaya: kuɗi. Rancen asusu na sana'a ne, don shi ke juyawa ya dawo da riba. Ziyara ba ta maido ko dala. Asusun taimako kuma na haihuwa ne, da rashin lafiya, da gobara. In ana son tafiya, a buɗe zubi na daban. Mata 20, kowace dala 20 a mako, cikin mako 40 an tara jika 80. In bai kai kowa ba, a tura dattijuwa biyu da sunka fi buƙata da mai rakiya ɗaya, baɗi wasu su je. Wadda ba ta so, kar a tilasta mata.

Ku kai zancen nan taronku na wannan mako, a yanke shawara gaban kowa, magatakarda ta rubuta. Allah shi ba mu lafiya da abin zubi. Sai wata mai zuwa.