SHARHI: Tsaron mota ya koma hannun masu rubuta manhaja, ina matsayin Najeriya?

A watan Nuwamban 2024, katafaren kamfanin motoci na Jamus, Volkswagen, ya ƙulla haɗin gwiwa da Rivian, wani matashin kamfanin motocin lantarki na Amurka, inda ya amince zai zuba kuɗin da ka iya kaiwa dala biliyan 5.8. Abin da ya kai shi wannan ciniki shi ne manhaja. Reshen da ya kafa a 2020 domin rubuta tasa, wato Cariad, ya yi ta tafka asara, jinkirinsa kuma ya riƙe fitowar sababbin motocin Porsche da Audi masu amfani da lantarki. Idan kamfani mai wannan ƙarfi ya fita neman taimako, to lallai al'amarin ya wuce wasa.

Motar zamani tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu yawa, a wasu manyan motoci ma sukan kai kusan 100. Wasu aikinsu rediyo ne da taswira, in sun tsaya sai dai direba ya yi tsaki. Wasu kuwa su ke sarrafa birki da sitiyari da jakar iska, su ke yanke hukunci cikin ƙiftawar ido ko mota za ta tsaya ko za ta afka wa abin da ke gabanta. Manhajar wannan rukuni na biyu ita ce ake gasa a kanta, domin kuskurenta rai yake ci.

Ma'aunin da masana'antar ke bi shi ne ISO 26262, wanda aka fitar a 2011 aka sabunta a 2018. Ya kasa haɗari zuwa mataki huɗu, daga ASIL A zuwa ASIL D, kuma manhajar birki da sitiyari galibi a mataki na ƙarshe take. Rubuta irin wannan manhaja bai kai wahalar tabbatar da ingancinta ba, domin kowane ɓangare sai an gwada shi, an ajiye shaidar gwajin, an nuna abin da zai faru idan ya gaza. Wannan ɗawainiya ce ta sa 'yan kasuwar ba su da yawa. Manhajar QNX ta kamfanin BlackBerry na Kanada tana cikin motoci fiye da miliyan 200. Kamfanin Aptiv ya sayi Wind River kan dala biliyan 3.5 a 2022. Sai kuma irin su Bosch da Vector da Elektrobit na Jamus. Wanda ya riga ya samu shaidar inganci ba a sauya shi da sauƙi.

Abubuwa uku ne ke hura wutar wannan kasuwa. Na farko shi ne darasin da aka koya da tsada. A 2015, wasu masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun kutsa cikin wata mota ƙirar Jeep Cherokee daga nesa ta hanyar intanet, lamarin da ya sa Fiat Chrysler ya yi kiranyen motoci miliyan 1.4. A Disamban 2023, Tesla ya yi kiranyen kimanin motoci miliyan 2 a Amurka kan tsarinsa na Autopilot, ya kuma aika gyaran ta intanet ba tare da an kai motocin gareji ba.

Na biyu shi ne doka. A 2020, zauren Majalisar Ɗinkin Duniya mai tsara ƙa'idojin ababen hawa ya amince da ƙa'idoji biyu: R155 kan kariya daga kutse, da R156 kan sabunta manhaja. Daga Yulin 2024, Tarayyar Turai ta wajabta ƙa'idar kariya daga kutse a kan kowace sabuwar mota, abin da ya sa Porsche ya daina sayar da Macan mai shan fetur a can maimakon sake mata tsari. Amurka ma ta kafa ƙa'idar cewa sababbin ƙananan motoci su zo da birkin gaggawa mai kama kansa nan da Satumban 2029.

Na uku shi ne siyasar manyan ƙasashe. A Janairun 2025, Ma'aikatar Kasuwancin Amurka ta haramta manhajar China da Rasha a motocin da ke haɗe da intanet, farawa daga ƙirar 2027. Ke nan manhajar mota ta shiga sahun al'amuran tsaron ƙasa.

Duk waɗannan ƙa'idoji an gina su ne bisa zaton cewa alaƙar mota da kamfanin da ya ƙera ta ba za ta yanke ba. A nan ne matsalar Najeriya take. Akasarin motocin da ke shigowa ƙasar nan na hannu ne, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko tokumbo. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Motar da aka yi kiranyenta a Amurka bayan ta sauka a tashar Legas, da wuya sanarwar ta iske mai ita a Kubwa ko Nyanya. Bakaniken da ke Apo na iya canza ƙwaƙwalwar mota ko ya kashe fitilar gargaɗi, amma ba shi da ikon gyara kuskuren da ke cikin manhajar kamfani.

Najeriya ba ta rasa madafa ba. Ta shiga yarjejeniyar 1958 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙa'idojin ababen hawa tun 2018, tana da hukumomin SON da NADDC da FRSC, kuma gwamnatin tarayya babbar mai sayen motoci ce. Mai saye da yawa yana da bakin magana. Kafin a sa hannu a takardar kwangilar sayen motocin ma'aikata ko na ayarin manyan jami'ai, ya dace jami'in saye ya nemi amsa a rubuce: shekara nawa kamfani zai ci gaba da sabunta manhajar, wa zai yi aikin a cikin gida, ta wace hanya sanarwar kiranye za ta iso, kuma wace ƙasa bayanan tafiye-tafiyen motar ke zuwa. Tambaya ta ƙarshe ta fi nauyi idan motar minista ce ko ta jami'in tsaro.

Haka nan manufar fifita kayan gida da gwamnati ta sanar a 2025 ba za ta warware wannan ba ita kaɗai, domin motar da aka harhaɗa a Nnewi ko Kaduna ko Legas galibi daga waje ƙwaƙwalwarta ke zuwa. Sharaɗin da ya kamata a gindaya wa masu harhaɗawa shi ne su nuna shaidar ingancin manhajar da kuma yarjejeniyar kula da ita.

Rigakafi ya fi magani. Ƙasar da ba ta rubuta manhajar ba za ta iya, aƙalla, ƙin biyan kuɗin motar da babu mai ɗaukar alhakin birkinta bayan shekara biyar.