Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

'Yan uwana mazauna kudu, na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, na Sabon Ibadan da na Shagamu, da duk inda neman halali ya kai mu. Yau maganata da masu makarantun koyar da kwamfuta ce, da kamfanonin horar da ma'aikata, da duk wanda ya taɓa rubuta littafin koyon manhajar ofis ya jefa shi cikin durowa ya kulle. Idan maganar ta yi zafi a gafarce ni, amma ba zan fasa faɗa ba, don abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Bari mu faro daga tushe, saboda wanda bai san zancen ba. Akwai wata manhajar ofis mai suna StarOffice da wani kamfanin Jamus, Star Division, ya ƙera. A 1999 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya saye shi, a 2000 kuma ya buɗe asalin rubutun manhajar ga duniya, ya ce kowa ya ɗauka, ya duba, ya gyara, ya raba. Daga nan aka samu OpenOffice.org, wadda cikakken zubinta na farko ya fito a 2002. Da Oracle ya saye Sun a 2010, sai da yawa daga masu aikin suka ja gefe suka kafa The Document Foundation, suka ci gaba da aikin da sunan LibreOffice. A cikinta akwai Writer na rubuta wasiƙa da takardu, akwai Calc na jadawalin lissafi, akwai Impress na gabatar da bayani a allo, da sauransu. Ko sisi ba za ka biya ba, ka sa a kwamfuta ɗaya ko ɗari, babu mai kama ka da laifin sata. Da Calc nake riƙe wa mahaifina lissafin kaya da na bashi, kuma ba ta taɓa neman mu biya kuɗin shekara ba.

To mai karatu, rijiya dai ta bayar. Ina gugan? Gugan shi ne littafin da zai koya wa yaro yadda zai yi aiki da ita. Manhaja ba tare da littafin koyo ba, tamkar a ba ka mota ne a hana ka makulli. A nan ne wasu mutane suka tsaya suka tare hanya. Mutum ya ɗauki manhajar da wasu bayin Allah suka yi shekaru suna wahala a kanta, bai biya ko kwabo ba, ya rubuta shafi talatin ko arba'in yana bayanin inda ake latsawa, sai ya buga a bangon littafin cewa duk haƙƙoƙi nasa ne, ba a yarda a kwafa ko a fassara ba. Ikon Allah! An ba ka buhu kyauta, kai kuma ka hana mudu.

Kada a yi min mummunar fahimta. Ban ce littafin ba nasa ba ne. Nasa ne, guminsa ne, doka ma ta tsaya masa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba marubuci iko a kan kwafar aikinsa da fassara shi, ko da bai je ya yi rajista a ko'ina ba, kuma ikon ba ya faɗuwa sai bayan shekara 70 da rasuwarsa. Wannan ne ma ya sa maganar take da nauyi. Ko ka ga littafi yashe a kan tebur ƙura ta rufe shi, ba ka da hurumin mayar da shi Hausa ka raba wa yaran unguwa sai mai shi ya yarda. Don haka ba sata nake kira a yi ba, kiran da nake yi shi ne masu abin su saki da hannunsu, a rubuce, da lasisin da kowa ya sani.

Abin da ya tunzura ni ke nan. Akwai wata makarantar kwamfuta da ba zan kama sunanta ba, mai ita ya taɓa rubuta ɗan littafin darasi a kan Writer da Calc, kuma tsakani da Allah littafin ya yi kyau. Misalansa na nan ne, da naira, da rasit, da lissafin buhuna. Yau ya daina koyar da wannan darasi gaba ɗaya. Na je na same shi da ladabi, na ce Alhaji a ba mu izini mu mayar da shi Hausa saboda ƙannenmu da Turancinsu bai yi ƙarfi ba, sunanka zai zauna a bango, ba za mu taɓa shi ba. Ya ce a'a, kayan makaranta ne. Na ce to a sayar mana da izinin. Ya ce sai ya yi shawara. Har yau shawara ake yi. Shi bai ci ba, bai ba wani ya ci ba, kamar kazar da ta kwana a kan dami.

Abin da irinsu ba su gane ba shi ne, littafin koyon manhaja kayan gwari ne, ba hatsi ba ne. Duk wanda ya san Mile 12 ya san bambancin. Gero ka iya ɓoye shi a rumbu ka jira tsada, amma wanda ya ɓoye kwandon tumatir yana jiran farashi ya tashi, ruwa zai kwasa. LibreOffice tana fitar da sabon zubi sau biyu a shekara, a watan Fabrairu da na Agusta. Maɓallai na sauya wuri, hotunan da ke cikin littafi na daina kama da abin da ke kan allo. Littafin da aka kulle, bayan wasu 'yan shekaru ba shi da amfani sai dai a ƙunshe ƙosai da shi. Wanda aka saki kuwa, duk lokacin da manhaja ta sauya wani zai gyara shafin da ya tsufa, littafin ya ci gaba da rayuwa da sunan mai shi. Wane ne ya yi asara a nan?

Na san hujjojinsu, don na sha jin su. Ta farko, wai idan na saki, makarantar da ke tsallaken titi za ta ɗauka ta koyar da shi, ta ƙwace min ɗalibai. Malam, ranka ya daɗe, wai kana zaton takardar ɗalibi yake biya wa kuɗi? Yana biya ne saboda kwamfutar da zai zauna a gabanta, da janareton da za ka tayar in an ɗauke wuta, da kai da za ka tsaya a kansa ka nuna masa inda ya kauce, da takardar shaidar da zai karɓa a ƙarshe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da injin kwafi zai iya kwafa. A 2001 jami'ar MIT ta Amurka ta sanar da cewa za ta zuba kayan darussanta a intanet kyauta, ta kuma zuba. Shin ɗalibai sun daina rububin shigarta? To in MIT ba ta rushe ba, shagonka mai kwamfuta goma ba zai rushe ba. Hasali ma duk inda littafin ya shiga sunanka ya shiga, talla ce da ba ka biya kuɗinta ba.

Ta biyu, wai wasu za su buga su sayar, su ci riba da gumina. To su sayar mana! Yaron da ke Sabo ba shi da injin buga takarda a ɗakinsu. Dole wani ya sayi takarda da tawada, ya buga, ya ɗinke, ya kasa a shago, kuma ba zai yi wannan don Allah da Annabi kawai ba, sai ya ga ɗan abin da zai saka a aljihu. Mu 'ya'yan 'yan kasuwa ne, mun san kaya ba ya kai kansa kasuwa. Kuma tunda kowa na da izinin bugawa, babu wanda zai iya tsawwala farashi, don na kusa da shi zai karya masa. Gaskiyar magana ma, yanzu haka ana kwafar littattafan naku a ɓoye, a yage bangon da sunanku yake. Kullewar ba ta hana ɓarawo ba, mai tsoron Allah kawai ta hana.

Ta uku, wai za a lalata min aiki, a cusa kurakurai a ce ni ne. Wannan ma an riga an yi maganinsa. Lasisin Creative Commons, ƙungiyar da aka kafa a Amurka a 2001, wadda Farfesa Lawrence Lessig na cikin waɗanda suka assasa ta, ya wajabta wa duk wanda ya taɓa aikinka ya ambaci sunanka, ya kuma bayyana cewa ya yi canji. Asalin naka na nan a hannunka, mai shakka ya zo ya gwada.

Sai dai a kula, lasisin nan kala-kala ne, kuma a nan wasu ke yin kyautar ganin ido. Akwai mai alamar ND, wanda ya hana a raba aikin in an canza shi. Fassara kuwa canji ce, ke nan mu Hausawa an rufe mana ƙofa tun daga zaure. Akwai mai alamar NC, wanda ya hana amfani da shi don kasuwanci, ke nan mai shagon buga takardu da malamin da ke karɓar kuɗin wata duk sun shiga ruɗu. Wanda nake kira a ɗauka shi ne BY-SA: a ambaci sunanka, kuma duk wanda ya gyara ko ya fassara, dole shi ma ya saki nasa da irin wannan sharaɗi. Da shi Wikipedia take aiki tun 2009. Da wannan babu wanda zai ɗauki kyautarka ya sake kulle ta. Amma a sani tun da wuri, in ka bayar ka bayar ke nan, ba a janye shi daga hannun wanda ya riga ya karɓa. Sannan don Allah a saki fayil ɗin da za a iya gyarawa, irin na ODT, ba PDF kaɗai ba, balle hoton shafuka da aka ɗauka da waya. Wanda ya ba ka PDF kaɗai ya ce ka fassara, ya ba ka nama ne ya riƙe wuƙa.

Wani zai ce, ai masu LibreOffice da kansu suna da littattafai kyauta, me ya hana ku fassara su ku ƙyale mutane? Haka ne, suna da su, na masu farawa, da na Writer, da na Calc, da sauransu, 'yan sa-kai ne suka rubuta, kuma lasisinsu ya yarda a kwafa, a gyara, a fassara. Wannan ma hujja ce a kanku, don sun nuna ana iyawa. Amma kowanne ɗaruruwan shafuka ne, da Turanci mai nauyi, kuma ba a rubuta su da tunanin yaron da ke da awa ɗaya a gaban kwamfutar haya ba. Naku gajere ne, an gwada shi a kan ɗalibai irin namu, kun san inda suke tuntuɓe. Wannan sanin shi ne abin da babu a waɗancan. Mu yi duka biyun, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Kada kuma a ɗauka wannan maganar 'yan gayu ce. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yaron da bai saba da allon rubutu ba ya faɗi tun kafin ya karanta tambaya. A watan Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafin da ya saba ba Windows 10, haka ma Office 2016 da 2019, alhali yawancin kwamfutocin da irinmu ke iya saye 'yan kwatano ne. Me ya rage wa talaka? Ko dai manhajar sata da ake loda masa a bayan shago, mai zuwa da ƙwayoyin cuta, ko kuwa ta halal ta kyauta wadda babu wanda ya koya masa. Ita wannan ta kyautar ba ta yara ba ce: gwamnatin jihar Schleswig-Holstein a Jamus ta tabbatar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocinta kusan 30,000 kan LibreOffice. Masu kuɗi na gudun biyan lasisi, mu da ba mu da shi muna nan muna jiran guga.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wannan rowa ba gadonmu ba ce. Littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na ƙaninsa Abdullahi da na Muhammadu Bello da waƙoƙin Nana Asma'u, yaya aka yi suka kai Kano da Zariya da Ilori? Almajirai ne suka kwafa da hannu, wani ya karɓa daga wani, wasu ma aka mayar da su daga Fulatanci zuwa Hausa don mata da talakawa su amfana, kuma sunan mai littafi bai ɓace ba har yau. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa ilimin da ake amfana da shi na cikin abubuwan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Ilimin da ke kulle a durowa, wa yake amfana? Gara da kyankyaso.

Saboda haka ga kirana, a taƙaice. Masu makarantu da kamfanoni, ku buɗe durowa. In kuna jin tsoro, ku fara da tsofaffin da kuka daina koyarwa. Ku tabbata abin naku ne, in akwai hoto ko babi da kuka aro daga littafin wani ku cire. Ku rubuta layi biyu a shafin farko, sunanku da sunan lasisin, shi ke nan, ba sai an je wurin lauya ba. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin matasa, duk sanda kuka tara kuɗi aka ɗauki wani ya horar da yara, ku sa sharaɗi tun a yarjejeniya cewa takardun darasin na jama'a ne, tunda da kuɗin jama'a aka rubuta su. Mu kuma matasa da Allah ya ba mu ɗan karatu, kada mu tsaya a surutu. Kowa ya ɗauki babi ɗaya daga waɗanda aka riga aka saki ya mayar Hausa, wani ya duba masa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ya ji haushin maganata, ƙofa a buɗe take, ya kawo hujja mu saurara. Amma kada ya ce min guminsa ne ya yi shiru, don su ma waɗanda suka ƙera manhajar ba ruwan sama ne ya jiƙa musu riga ba.

Allah ya sa mu dace, ya raba mu da rowar ilimi.