Wanda Ya Dawo Daga Ƙasar Waje, Ya Fara Zama Kusa Da Murhu

A cikinmu ma'aikatan raya karkara akwai waɗanda Ikilisiya ta aika karatu Ingila ko Amurka. Mun dawo da takardar shaida, amma ba a gona aka fara gwada mu ba. A madafi ne.

A can, ka murɗa famfo ruwa ya zubo, ka kunna gas tukunya ta tafasa, nama ya yi wata guda a firji. A nan kuwa murhu duwatsu uku ne, ruwa yana rijiya, hatsi sai an surfa an daka. Sai mai dawowa ya fara gunaguni: hayaki ya yi yawa, tuwo ya makara. Wani ya zo da injin markaɗe daga Amurka, ya manta ƙarfin wutarsu 120 ne, tamu kuwa 230, injin ya ƙone tun ranar farko. Wani ya daina sa hannu a kwano ɗaya da 'yan'uwansa, sai tebur da cokali mai yatsu. Wa ke shan wahalar wannan? Uwa da matar gida, waɗanda suka riƙe gidan sa'ad da ba ya nan.

Ra'ayinmu shi ne, kada mai dawowa ya raina madafin gida, kada kuma ya binne abin kirkin da ya gani. Mu tuna da Nehemiya. Daga fadar sarki a Shushan ya zo Urushalima, amma sai da ya yi kwana uku, ya zaga rusasshen garu da dare, kafin ya buɗe baki. Haka ya kamata mu yi: mu zauna kusa da murhu, mu duba, mu tambayi masu dafuwa.

In mun zauna, za mu ga hayakin nan ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iska cikin gidaje, daga itace, gawayi da kananzir, ta kashe mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020. Mata da yaran goye ne suka fi shaƙarsa. Maganinsa ba sai an yi odarsa daga Turai ba. Murhun laka mai rufaffen ciki da bututun hayaki yana cin itace kaɗan, yana kuma fitar da hayaki waje. Ko taga biyu a ɗakin dafuwa taimako ne.

Batun firji kuma, Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya nuna hanya. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yana bushewa yana janye zafi, tumatir da alayyafo su daɗe ba su lalace ba. Wannan aiki ya kawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ba wuta, ba mai.

Akwai kuma abu ɗaya da muka gani a can wanda ba ya bukatar ko kwabo. A can mu da kanmu muke wanke kwanoni, muna dafa abinci, ba mu mutu ba. Me ya sa da mun sauka gida sai hannunmu ya yi nauyi? Maigidan da ya faskara itace, ya ɗebo ruwa a keke, ya kawo ci gaba fiye da wanda ya shigo da akwati cike da kayan lantarki.

Muna roƙon shugabannin ikilisiyoyi da Zumuntar Mata, in ɗanku ya dawo, ku marabce shi da tuwo, sa'an nan ku ba shi laka ya gina wa uwarsa murhu. Ubangiji ya ba mu tawali'u. Amin.