Daga Bakin Murhu: Abin da Kunka Ce Kan Littattafan Girki

 

A fitowar da ta wuce na yi muku tambaya biyu: wane littafin abinci ko na girki kunka taɓa karantawa, ko anka karanta muku? Kuma ya cancanta ƙungiya ta fidda kuɗi ta saye shi? Dalilin tambayar kun san shi. Mata da yawa sun gama karatun yaƙi da jahilci, sun iya haɗa baƙi, amma babu abin karantawa a ɗaki, kuma karatun da ba a taɓa shi gudu yake. Masu talla ga su nan suna shimfiɗa littattafai ranar kasuwa. Kuɗin da za a saye su kuwa na zubinmu ne, dala-dala anka tara shi. Amsoshi sun zo, wasu a takarda, wasu ta murya a salula, wasu shugabannin ƙungiya sunka kawo da baki. Ban sa sunan kowa ba, kamar yadda munka saba.

Mafi yawan maganar a kan littattafan girke-girken da ke shigowa daga Kano ta faɗa. Amare da masu sana'ar tuya sun yabe su. Wata ƴar uwa daga wajen Tasawa ta ce a ciki ta koyi cincin da dubulan da alkaki, yanzu in biki ya tashi a unguwarsu ita ake ba aikin gara, kuma da ribar take zubinta na mako. Wata daga Magarya ta ce ita abin da ya fi yi mata daɗi shi ne littafin da Hausa yake, ba ta bukatar ɗan lakkwal ya zauna ya fassara mata.

Amma ƙorafi ma ya zo, kuma iri ɗaya ne daga gabas har yamma. Na farko awo. Littafin zai ce mudu ɗaya ko kofi biyu, alhali mudun Kano ba tiyarmu ba ce, kofi kuma kowane gida da girman nasa. Na biyu suna. Abin da mu ke ce ma gujiya su gyaɗa suke cewa, in kuwa sunka ce gujiya to ƙwaruru suke nufi. Hatsi gare mu gero ne, gare su duk abin da ke cikin rumbu hatsi ne. Ga kuma kalmomin Ingilishi birjik da babu wadda ta san kansu a nan. Na uku kayan aiki: a markaɗa a bilenda, a gasa a obin, a sa a firji. Wata daga Dakwaro ta tambaya, a garin da lantarki bai kai ba, wa anka rubuta ma wanga? Sai dai wata daga Madawa ta ba ta amsa ba tare da ta sani ba: ita da tukunyar ƙarfe take gasa kek, ta zuba rairayi a ƙasa, ta ɗora garwashi bisa murfi. Sunanmu ke nan, Mata Masu Dubara, tun da anka fara wanga tsari a Maraɗi a 1991.

Ƴan uwanmu na Yamai sun kawo zancen littattafan Faransanci, masu hotuna masu ƙyalli. Sun ce kallo ya fi girki yawa a cikinsu. Komi da garam da litir ake aunawa, rabin kayan sai a babban kanti, kuma girkin na mutum huɗu ne. Wata ta ce gidansu bakin da ke ci ya wuce ashirin, in ta bi littafin ko yara ba za su ƙoshi ba. Abu guda sunka yarda da shi: littafin Bature ba ya cewa "ki zuba daidai misali". Yana faɗin awo da minti, shi ya sa wadda ba ta taɓa yin girkin ba za ta iya fidda shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Sai ƙananan littattafan ciyar da yara, waɗanda ake samu wajen likita da wajen malaman yaƙi da jahilci. Su ne sunka fi samun yabo, su ne kuma anka fi yi ma faɗa. Iyaye mata sun lissafo abin da sunka ɗauka a ciki, bari in maimaita don wadda ba ta samu ba. Dakashi, wato nonon farko, ba a zubar da shi, shi ne rigakafin farko na jariri. Nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a ƙarawa. Daga wata 6 a fara kunu da abinci mai laushi, sau 2 zuwa 3 a yini, daga wata 9 kuma sau 3 zuwa 4, ana ci gaba da nono har shekara 2. Kunun ya yi kaurin da zai tsaya a cokali, don tsararo cika ciki kawai yake yi. Wata daga Mirya ta ce a littafi ta gane ma'anar igiyar awon dantse: kore lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani, a tafi likita ranar nan ba sai gobe ba.

Da yawa sun nemi in sake rubuta haɗin garin kunun yara. A garin Misola, cikin kashi 100, hatsi 60 ne, waken soya 20, gujiya 10, sukari 9, gishiri 1. A awonmu na gida, ki ɗauki gwangwani guda ki auna da shi duka: hatsi 6, waken soya 2, gujiya 1, sukari ya ɗan kasa 1, gishiri mai aidin ɗan kaɗan. Ki soya hatsin da waken da gujiyar sama-sama, kowanne daban, kafin a kai niƙa. In babu soya, waken gida ya yi. Ki tsince gujiyar da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ɗaci ki yar, gubarta hanta take taɓawa kuma wuta ba ta kashe ta.

To ina faɗan? Wata shugabar ƙungiya daga Mayahi ta ce hoton littafin kullum faranti ne da nama da kifi da ƙwai da lemu, kamar wanda ya zana shi bai taɓa ganin watan Yuli a ƙauye ba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, uwa tana gona tun safe. Ta ce macen da ta kalli hoton ta ga ba ta da ko ɗaya, rufe littafin take yi, ta ce ba nata ba ne. Gaskiyarta. Alhali abin da hoton ke son faɗi muna da shi da wani suna. Mai gina jiki: wake, ƙuli-ƙuli, nono, fara, busasshen kifi, da ƙwan zabi da ke araha da damina. Mai kare jiki: zogale, tafasa, yakuwa, rama, kuka, kabewa, mangwaro in lokacinsa ya yi. Mai ba da ƙarfi: hatsi, dawa, rogo, dankali, da cokalin man gujiya. Kwanon kopto da ƙuli-ƙuli da albasar Galmi, a ci da dambu, ya haɗa ukun nan duka.

Faɗa na biyu ya fi nauyi. Wata daga Ƙonni ta ce littafin da uwa kaɗai yake magana: ki yi kaza, kar ki yi kaza. Amma mabuɗin rumbu yana hannun mai gida, kuɗin cefane haka, kuma in uwar miji ta ce yaron da ya ci ƙwai ɓarawo zai zama, wace amarya ce za ta buɗe baki? Ƙwai bai taɓa mai da kowa ɓarawo ba, jiki yake ginawa. Sai dai wagga magana in ta fito daga bakin suruka rashin kunya ce, in ta fito daga takarda a gaban taro ilimi ce. Don haka ranar da za a karanta irin wanga littafi, ku gayyato kakanni su zauna a tabarmar gaba, kuma a ba maza aronsa su kai majalisarsu.

Akwai kuma wata dattijuwa daga Gidan Rumji da ta aiko a faɗa mini cewa ita ba ta ga amfanin duk wannan ba. Ta tuƙa tuwo shekara da shekaru ba takarda, ta yaye ɗiya da jikoki, kuma littafin da ke cewa a rage kanwa bai san tsadar icce ba, don wake ba ya nuna da wuri sai da ita. Inna, na ji, kuma rabin maganarki ba mai ture ta. Amma kanwa in ta yi yawa tana kashe wasu sinadaran da ke cikin wake da ganye. Ga sulhu: a jiƙa waken tun dare, da safe zai nuna da wuri, kanwa kaɗan, icce kaɗan. Ɗaya rabin kuma tambaya ce gare ki. A shekarar 2005, da yunwa ta kama Maraɗi da Damagaram da Tawa, su wa sunka san yadda ake jiƙa anza kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacinta ya fita? Su wa sunka san jiga da sauran ganyen daji, wanne ake ci, wanne ba a taɓawa? Ku ne. Cikin jikokinki mata, nawa sunka iya daddawar batso daga ƴaƴan yakuwa? Cikin duk littattafan da anka ambata mini babu wadda ta ce ta ga wanga ilimi a ciki. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.

Yanzu ga nawa ra'ayi kan kuɗi. Kar a taɓa asusun bashi don sayen littafi, wancan jarin mata ne. In ƙungiya ta yarda, a fidda daga kuɗin tara, ko a yi karo-karon dala biyar-biyar, a sayi guda ɗaya tak, ya zauna wajen magatakarda tare da kayen lissafi, a karanta shafi guda bayan an gama zubi. Kafin a biya, a buɗe shi gaban mai talla a duba abu huɗu. Mai karatun cikinmu tana gane Hausarsa ba tare da tsayawa ba? Kayan girkin ana samun su a kasuwarmu? Ana iya yin sa a murhu? Ya faɗi awo ƙarara? In biyu sun faɗi cikin huɗun nan, ku mayar masa da abinsa.

Masu sana'a kuma ku lura da abin da babu littafin da zai yi muku: lissafi. Misali, kin ci bashin jika 5 don ki fara awara, ƙungiyarku na karɓar 10 cikin 100 a wata, wato dala 100. Kafin ki kira wani abu riba, sai kin cire waken, da niƙa, da mai, da icce, da yaji, da leda, da wanda yara sunka ci, da dala 100 ɗin nan. Girki mai daɗi da ba a yi ma lissafi ba ya sha cinye jari.

Abin da na fahimta cikin amsoshinku shi ne littafin da kuke nema ba a rubuta shi ba tukuna, kuma babu mai rubuta shi sai mu. Ga shawara. Kowace ƙungiya ta sayi kaye ɗaya da bik. Kowane mako mace ɗaya ta faɗi girki ɗaya, magatakarda ta rubuta, a fara da tsofaffi. A rubuta sunan abincin, da watan da ake samun kayansa, da awo da tiya ko gwangwani ko ludayi, da bakin da zai ciyar, da kuɗin da ya ci a ranar, da ko yaro ɗan wata nawa zai iya ci. Nan ne za mu ari halin littafin Bature: ban da "daidai misali". In inna ta ce hannu ɗaya, a juye hannun nata cikin gwangwani a ga inda ya kai. Mako 52 ke cikin shekara. Ko rabinsu kunka samu, kun yi littafi.

Ku aiko mini da shafin farko ta hannun shugabarku. Na fi son abincin damina, na lokacin da rumbu ya yi ƙasa, don shi ne babu a ko'ina. Wanda ya fara isowa shi za mu buga a nan, da sunan ƙungiyar da garinta in kun yarda.

Allah ya sa albarka a asusunmu, ya raya mana zuri'a. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.