Grand-Bassam: Tashar Jiragen da Ta Koma Wurin Shan Iska

Grand-Bassam, da ke bakin teku kimanin kilomita 40 gabas da Abidjan, ita ce hedikwatar Faransawa a Kwaddebuwa daga 1893, kuma a lokacin daga nan ake lodin katako da manja zuwa Turai. Zazzaɓin shawara na 1899 ya kori gwamnati, daga baya tashar Abidjan ta kwashe cinikin. Yau kuwa, duk ƙarshen mako masu yawon buɗe ido ke cika inuwar bishiyoyin kwakwa, su ci gasasshen kifi, su zaga tsofaffin gidajen 'yan kasuwa da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2012.  Tsohon gini dukiya ne, kuma ya cancanci gyara da kulawa.