Zancen Gida: Wane Kare Za Mu Ajiye?

Wani ɗan'uwa ya tare mu bayan tashi daga makaranta, ya ce ɓarayi sun kwashe masa awaki sau biyu a shekara guda, yana neman kare babba. An yi masa tallar iri biyu, watau Alseshan wanda muke kira karen 'yan sanda, da kuma Burbul. Ya ce mu zaɓa masa. To, bari mu amsa masa a nan, gama ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Alseshan daga Jamus ya fito. A shekarar 1899 ne wani soja mai suna Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa, domin tsaron tumaki. Namiji yakan kai kilo 30 zuwa 40. Yana da saurin koyo ƙwarai, yana kuma jin maganar ubangidansa. Amma gashinsa ninki biyu ne, an yi shi domin ƙasar sanyi. Mu da muka san zafin Haɗeja a watan Afrilu da Mayu, sa'ad da awon zafi ke wuce 40, mun san zai wahala in babu inuwa da ruwa kullum. Ga kuma kaska. Idan shanu suka sauko fadama da rani, kaska takan yi yawa, ta ɓuya cikin gashin nan, ta sa masa zazzaɓi.

Burbul kuwa karen manoman Afirka ta Kudu ne. Gashinsa gajere ne, kaska ba ta da wurin ɓuya sosai a cikinsa. Amma namiji yakan wuce kilo 60, ya fi buhun taki nauyi. Cinsa ya fi na wancan nesa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Idan ya fizgi igiya, yaro ba zai iya riƙe shi ba, ko uwargida ma da ƙyar.

Akwai abu biyu da ya kamata mu auna kafin maganar kuɗi. Na fari, maƙwabta. Yawancinsu ba su saba zama da kare a gida ba, 'ya'yansu kuwa suna shigowa aike ko ɗiban ruwa. Cizo ɗaya ya isa ya ɓata zumuncin shekara ashirin, awaki goma ba za su gyara shi ba. Na biyu, ruwa. Mun tuna ambaliyar 2020 da ta 2022, yadda iyalai suka bar gidajensu suka kwana cikin azuzuwan makarantu. Ran da aka shiga kwalekwale da yara da kaya, ina za a sa kare mai kilo 60 wanda ba ya yarda da baƙo?

Saboda haka shawararmu ke nan. Mai gida cikin gari, da yara ƙanana, ya ɗauki Alseshan tun yana kwikwiyo, ya hore shi, ya yi masa rumfa, ya riƙa duba jikinsa kowace yamma. Burbul sai mai garka ko gona mai katanga, wanda ya taɓa riƙon kare, yana kuma da abin ciyar da shi. Wanda ba shi da lokaci ko hali, kada ya ji kunyar ajiye karen ƙasarmu. Ya saba da zafi, haushinsa kuma ya isa ya ta da mai gida.

Kowanne kuka zaɓa, ku kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar ciwon haukan kare kowace shekara. Idan ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti ran nan. Kada a jira, gama in alamun ciwon suka bayyana, babu sauran magani.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.